Ranar da Na Raka Malam Isiya a Jirgi

Duk sanda jirgi ya gifta ta saman Faskari muna zaune a bakin shagon telan nan, sai ɗayanku ya ɗaga kai ya ce, "Baba Lawal, ga motarka can." Sauran ku fashe da dariya. Jiya kuma na ji ana cewa in dai aikin gandiroba shi ne a hau jirgi kyauta a sha lemo, to kowa ma zai iya. Ban tanka ba, don an kira salla. Yau ku gyara zama in gaya muku yadda aikin yake, tunda ni na yi shi, ku kuwa daga ƙasa kuka hango.

A wani ƙauye kusa da Sheme aka haife ni. Da na shiga aikin gidan yari, na daɗe ban san komai ba sai buɗe ƙofa da rufe ƙofa da ƙirga kawuna safe da yamma. Daga baya aka mai da ni ɓangaren rakiya, wato masu kai fursuna kotu ko asibiti ko wani gidan yarin. A nan aka haɗa ni da Sajan Mamman, mutumin Yankara, siriri, mai ƙarancin magana. Allah Ya jiƙansa. Duk abin da na sani a sana'ar nan daga hannunsa ya fito.

Ranar farko bai nuna mini takarda ko ɗaya ba. Kujera ya jawo ya ce in zauna, ya ciro ankwa ya ɗaura mini, ya tafi abinsa. Tun hantsi har azahar ina nan. Da ya dawo sai ya ajiye mini kofin ruwa ya ce in sha. Na sha, rabi ya zube a rigata. Ya ce in sosa bayana. Na kasa. Ya ce in ciro hankici daga aljihu. Nan ma na kasa. Sannan ya kwance ni, ya kama wuyan hannuna ya nuna mini jan shatin da ƙarfen ya bari.

"Ka gani?" ya ce. "Da gangan na matse. Duk wanda za ka ɗaura wa, ka bar wurin da yatsanka zai shiga tsakanin ƙarfe da fata. Kuma ka danna ɗan makarin nan, don kada ta ƙara matsewa in ya motsa. Mutum za ka kai, ba buhu ba."

Kayan aikin ba su da yawa, duk jaka ɗaya suke shiga. Ankwa biyu, ko da ɗaya ta ƙi. Makulli a ɗaure da zare a aljihun ciki, na biyun yana wurin abokin tafiyarka, don ba a taɓa rakiya mutum ɗaya. Takardar umarnin kotu, takardar likita da ke cewa mutumin zai iya tafiya, da takardar da wanda zai karɓe shi zai sa hannu. Waɗannan ukun a cikin leda suke, saboda ruwan sama. Sai alewa, don kunne yana toshewa in jirgi ya ɗaga, kuma wanda bai saba ba yana iya zaton wani abu ne ya fashe masa a ka. Sai tawul. Ku kan ku za ku ce na goge gumi ne. A'a. Shi ake yafa wa mutum a kan hannu, ya rufe ankwar, ya bi ta cikin jama'a kamar mai jin sanyi. Sajan Mamman ya ce hukuncin da alƙali ya yanke bai haɗa da kallon mutane ba, don haka ba mu za mu ƙara masa ba.

Yawancin aikinmu a mota ne. Jirgi sai ta kama: ko kotu a nesa tana neman mutum da gaggawa, ko jikinsa ba zai ɗauki doguwar hanya ba, ko hanyar ce ba a yarda da ita ba. In ta kama kuwa, tun kwana biyu kafin tafiyar kake aiki. Ka karanta takardunsa har ka san ko yana da farfaɗiya ko hawan jini. Ka je ka gan shi ka ji muryarsa. Ranar tafiya ka caje shi da hannunka, ka ba shi abinci mara nauyi, ka kai shi bayi, ka bar shi ya yi alwala kafin ƙarfe ya hau hannunsa. Kayan gida kake sawa, ba kaki ba. Bindiga ba ta shiga inda fasinja suke. Ku kuke fara hawa, ku kuke zama ƙarshen sauka, kuma a kujerun can baya. Shi yana jikin taga, kai kana kusa da shi, abokinka yana bakin hanya. Ba a ba shi shayi mai zafi, ba a ba shi cokali mai yatsu, kuma ba a taɓa ɗaure shi da jikin kujera, don in wani abu ya faru ya samu fita kamar kowa. Matuƙi ne mai jirgi. In ya leƙo ya ga mutuminka yana hargagi ya ce bai ɗauka, to magana ta ƙare, sai ku kwashi jaka ku koma.

Hawana na farko daga Kano ne, ni da Sajan, muna raka wani Alhaji ɗan kasuwa wanda ya yi yawon duniya kafin ƙaddara ta same shi. Shi ko a jikinsa. Ni kuwa da jirgin ya zabura ya bar ƙasa, tsoro ya kama ni. Ban san sanda na damƙe hannun mutumin ba. Ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, wai kai ne ka riƙe ni, ko ni zan riƙe ka?" Ya ce in ciro alewar nan in sha, zan ji dama. Muka miƙa shi muka fito. A bakin titi Sajan ya ce tsoron bai dame shi ba, kowa ya yi. Abin da ya dame shi, tun da hankalina ya dawo idona yana taga ina kallon gajimare. Ya ce idon mai rakiya a kan hannun mutuminsa yake, daga tashi har sauka.

Na raka iri-iri bayan nan. Akwai wanda ya zo gindin matakala ya zauna daɓas a ƙasa ya ce sai dai a kashe shi a nan. Ƙato ne, da mun ce ƙarfi za mu sa, da matuƙi ya kore mu. Sajan ya tsuguna kusa da shi yana tambayarsa su wa ya bari a gida, ɗaya bayan ɗaya, har mutumin ya gaji da kuka ya miƙe da kansa. Akwai wanda bai daina surutu ba har muka sauka, akwai wanda ya yi barci a kafaɗata. Mai surutu bai taɓa ba ni tsoro ba. Wanda ya yi shiru yana kallon wuri ɗaya, shi ake sa wa ido.

Abu biyu Sajan ya hana ni, kuma ya maimaita su har ranar da ya ajiye aiki. Kada in yi wa mai ankwa ƙarya, kada in yi masa alkawari. Ya ce in ka yi masa ƙarya don ya kwantar da hankali, ranar da ya gane, wanda zai raka shi gaba shi zai sha wuyar. Alkawari kuwa, mutumin da ke kulle ba shi da abin yi sai jiransa.

Sai shekarar nan ta zo, wadda ku ma kun san ta, ba sai na ba ku labari ba. Hanya ta lalace. Daga Kankara zuwa Sheme sai da addu'a, ta Sabuwa kuwa in la'asar ta yi ba mai bi. 'Yan bindiga suka tashi ƙauyuka, namu ma yana ciki. Na kwaso mahaifiyata da iyalin ƙanena na kawo su nan cikin gari, muka bar rumbuna da gonar da aka haife ni a cikinta. Sajan ya riga ya rasu, ni ne babba a rakiya. Aikin jirgi ya ƙaru, don ba wanda zai sa hannu a ɗauki fursuna a yi doguwar tafiya da shi a mota.

A tsakiyar daminar shekarar aka kawo mini takardun wani dattijo. Mu kira shi Malam Isiya. Manomi ne, daga wani ƙauye tsakanin Faskari da Sabuwa. Rikicin iyakar gona ne ya kai shi gidan yari, an yi faɗa, rai ya salwanta, ya kuma amsa laifinsa a gaban alƙali. Ya shekara shida a Katsina. Yanzu wata kotu a Abuja ke nemansa ya ba da shaida a wata shari'a daban, kan wasu mutane da ya taɓa gani suna ratsawa ta bayan gonarsa da kaya.

Da na ga sunan ƙauyen a takarda, na ajiye ta na daɗe ban ɗauka ba. Na san ƙauyen. Tun ranin shekarar da ta gabata aka tashe shi, ba a bar ko akuya ba. Abin da ban sani ba shi ne wa ya tsira, wa bai tsira ba.

Na je na gan shi. Ɗan tsamurmuri ne, furfura ta cinye gemunsa, hannayensa kuwa har lokacin na mai fartanya ne. Na ce masa jibi za mu tafi, kuma a jirgin sama. Ya yi murmushi ya ce shi ko jirgin ƙasa bai taɓa shiga ba. Na tambaye shi ko ana zuwa ganinsa. Ya ce da can matarsa Hajara tana zuwa duk bayan kaka, babban ɗansu Sani ke kawo ta. Amma fiye da shekara ke nan ba wanda ya leƙo.

"Sun gaji, Yallaɓai," ya ce. "Ban ga laihinsu ba. Shekara shidda ba kwana shidda ba ce."

Ya ji ana faɗin abin da ke faruwa a yankin, don labari yana shiga gidan yari. Sai dai ya sa wa ransa cewa nasu garin yana jikin dutse, ba a kan hanya yake ba, ba wanda zai kula da shi. Bai tambaye ni ba, ni ma ban ce komai ba. Mutumin da zai hau jirgi jibi ba a ɗora masa irin wannan.

Ni da Kofur Bala muka ɗauke shi. An kwana ana ruwa, gari ya waye tas, ko ɗigon gajimare babu. Muka hau kafin kowa, na zaunar da shi jikin tagar dama, na ɗaura masa bel, na gyara tawul a hannunsa, na ɓare alewa na sa masa a baki. Da jirgin ya ɗaga ya runtse ido yana salati. Can ya buɗe, ya kai goshinsa jikin gilashi, bai sake ɗagowa ba.

A lokacin ne na tuna abin da ya kamata in tuna tun a ƙasa. Jirgin da ya tashi daga Katsina ya nufi kudu, wanda ke tagar dama yammaci yake kallo. Ƙasarmu ke nan gaba ɗaya.

"Yallaɓai, waccan ba Kankara ba ce?"

Na ce ta yaya ya sani.

"Ga inda hanya ta rabu. Na kai shanu nan ya fi a ƙirga."

Muryarsa kamar ta wanda aka yi wa kyauta. Ya ci gaba da kiran sunayen wurare a hankali, wasu ya dace, wasu ina jin zato ne kawai. Ya ce ga duwatsun Faskari can, ashe daga sama ƙanana ne haka. Ya ce in ban da Allah wa zai ce shi Isiya zai ga bayan dutse da gabansa a lokaci ɗaya. Bala har yana murmushi.

Daga nan ya yi shiru. Na ce muku shirun nan ake tsoro.

"Yallaɓai, leƙo ka gani."

Ba a leƙawa, amma na leƙa. Kusa da manyan garuruwa ƙasar a yanke take gida-gida, wani wuri kore mai duhu, wani mai haske, wani ja-ja inda aka yi huɗa a makare. Amma daga can yamma duk ta zama abu ɗaya, kore shimfiɗe har iyakar gani. Wanda bai sani ba zai ce albarka ce.

"Ka ga dutsen can mai tsage a tsaka, rafi ya zagaye shi? Garinmu na nan gindinsa." Ya ƙara matsa goshinsa jikin gilashi. "Wanga kore ba na amfani ba ne. Ciyawa ce. Gona tana da baki huɗu, Yallaɓai, ko daga ina ka hango ta. Ina iyakokin? Kuma kwanon masallacinmu sabo ne sanda na baro, da hannuna na miƙa shi sama. Rana irin wagga ya kamata shi yi walƙiya. Ban ga komi ba."

Ya juyo ya dube ni. Tun da muka hau sai lokacin ya ɗauke ido daga tagar.

"Kai mutumin Sheme ne, ka ce mani. Mi ya hana su noma?"

Ga fasinja cike a gabanmu, mata da yara. Ga ma'aikaciyar jirgi ta taho da keken lemo. Bala ya gyara zama, na ga ya sa hannu a aljihun da makulli yake. In dattijon nan ya kurma ihu ko ya miƙe, ba mu san inda abin zai tsaya ba. Kalma ɗaya za ta wadatar. In ce masa ya yi kuskuren dutse, ko in ce daga nesa haka gonaki suke. Zai so ya yarda, kuma da ya yarda.

Na ɗora hannuna a kan nasa ta saman tawul. Na ce, "Malam Isiya, ba zan ɓoye maka ba, akwai magana. Na san wani abu, ban san duka ba. Amma nan ba wurinta ba ne. Ka ba ni zuwa mu sauka, duk abin da na sani zan gaya maka."

"Sun mutu?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Ya daɗe yana kallona, yana neman ƙarya a fuskata. Da bai samu ba sai ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya mai da goshinsa jikin gilashi. Dutsen ya riga ya koma baya. Ya bi shi da ido yana karkata wuya har bel ɗin ya tsai da shi. Lemon da aka miƙo ni na karɓa, na riƙe har muka sauka ba wanda ya sha.

A cikin motar da ta zo ɗaukarmu na gaya masa. Na ce tun ranin bara aka tashi garin, an ƙone wani sashe, mutane sun watse, wasu Faskari, wasu Sabuwa, wasu har Funtuwa. Na ce an rasa rayuka, amma ban san na su wa ba. Na ce namu ƙauyen ma haka. Bai yi kuka ba. Ya sunkuyar da kai ya ce shekara guda yana fushi da Hajara a ransa, yana cewa ta manta da shi.

"Ashe ni ke da rufi bisa kaina, ni ke da tuwo safe da yamma. Su ne a waje."

Da muka isa, kafin in kwance ankwar in miƙa shi, ya ce in taimake shi don Allah in nemo masa labarinsu. Na ce, "Ban yi maka alkawari ba, Malam. Amma ina da baki, zan tambaya." Aka sa hannu a takarda, aka shige da shi. Shari'ar ta ja, aka ci gaba da riƙe shi a can saboda tsaron lafiyarsa.

Sai da kaka ta yi na samu hutu. Ranar kasuwar Yankara na shirya na tafi, don in dai mutum yana raye a yankin nan, wani a kasuwar ya san inda yake. Na fara da 'yan hatsi, suka tura ni wurin masu awo, su kuma suka nuna mini wani maƙeri da ke gyaran lauje a ƙarƙashin rumfa, suka ce ɗan garin ne. Na gaishe shi na ambaci sunan Malam Isiya. Ya ajiye guduma. Ya ce Sani ya rasu ranar da aka shiga garin, ya tsaya fitar da mata ta bayan dutse. Hajara da 'ya'yanta mata biyu da jikoki suna Sabuwa, a wani kango bayan tasha.

Washegari da hantsi na bi ayarin motocin da ke tafiya tare. Na sami gidan. Ginin bulo ne da mai shi bai ƙarasa ba, an toshe tagogi da buhu. Wata tsohuwa tana sheƙe dawar mutane a tsakar gida. Na yi sallama, na ce ni ma'aikacin gidan yari ne. Faifan ya faɗi daga hannunta, ta zauna a ƙasa.

Na yi sauri na ce, "Inna, lafiya lau yake. Shina da rai. Ni na raka shi Abuja da kaina."

Ta rufe fuska da mayafi ta daɗe. Da ta buɗe, tambayar farko da ta yi ita ce ko ya rame. Na ce ba sosai ba. Ta ce ya ji tsoron jirgin? Na ce ya fi ni jarumta ranar da na fara. Ta ce Sani ne ya san hanya, shi ya san ƙofar da ake bi da wanda ake gaisarwa. Da ya tafi, ba ta san ta inda za ta fara ba, kuma ba ta san da bakin da za ta gaya wa uban ba.

"Kai ka hwaɗa mashi?"

Na ce ban san zancen ba sai jiya.

"To kada ka hwaɗa. Ni na haife shi, ni zan hwaɗa."

Na kira wani abokin aikina a can wanda ke kula da walwalar fursunoni. Ya nemi izinin shugabansu, aka ce mu kira gobe da ƙarfe goma. Na kwana a Sabuwa. Da lokacin ya yi na koma gidan, na buga, na buɗe muryar wayar don kunnenta ya yi nauyi. Na so in ba su wuri, amma ta ce in tsaya in riƙe mata wayar. Shi ya sa na ji komai.

Suka gaisa kamar jiya suka rabu. Ina kwana, ina gajiya, yaya jiki, yaya yara. Ba ta kira sunansa ba, Malam take cewa. Sannan ta gaya masa zancen Sani, a taƙaice, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Can muka ji Malam ya yi wa Sani addu'a, muka amsa da amin. Ya ce ta yafe masa zaton da ya yi mata. Ta ce ba komai, ita ma ya yafe mata.

Abokina ya ce saura minti ɗaya. Sai Malam Isiya ya ce, "Hajara, kin ɗauko irin?"

"Na ɗauko. Shi kaɗai na ɗauko, a bakin zane."

"To kada a ci."

"Ba a ci ba, Malam. Ko ranar da muka kwana da yunwa ba a ci ba."

Wayar ta yanke. Ni ban gane zancen ba sai da ta miƙe ta ce in biyo ta. A bayan kangon, tsakanin katanga da kwata, akwai wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Kunya biyu ce ta dawa, ta fi ni tsawo, kawunan sun nuna sun sunkuyo. Ta ce irin kakan Malam ne, tun kafin a haife shi ake shuka shi a gonarsu, ba a samunsa a kasuwa. In aka ajiye shi ya daɗe zai mutu, shi ya sa ta roƙi mai kangon ya bar ta ta shuka ko kaɗan, don ranar da za a koma a sami abin zubawa a rami.

Na ajiye aiki a shekarar da ta biyo baya. Na ji an dawo da Malam Isiya Katsina, wasu ne suka rako shi, kuma saura kaɗan ya gama wa'adinsa. Garinsu har yau ba a koma ba. Namu ma haka. Rabona da gonar mahaifina tun ranar da na kulle ƙofar zauren na sa makullin a aljihu.

Amma kafin in bar gidan a ranar, Inna Hajara ta sa hannu ta karya kai ɗaya, mafi girma, ta naɗe a gefen buhu ta miƙo mini. Na ce ba sai ta ba ni komai ba. Ta ce ba kyauta ba ce, ajiya ce.

"Nan gidan mutane ne, ko yaushe ana iya cewa mu tashi. Kai ma ka shuka a wurinka. In namu ya ɓace, mu zo mu amsa."

Ita ce dawar da kuke gani tana leƙowa ta kan katangar gidana. Damina uku ke nan ina shuka ta, ina girbewa, ina rataye kawunan a ɗaki. Ko tsaba ɗaya ba ta taɓa shiga tukunyarmu ba. Ina jiran masu ita.